Hadarin Gabas: Daga Gonakin Funtua Zuwa Tsibiran Karibiyan



Ranka ya daɗe shugaban taro. Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayena manoma maza da mata, da ƙannena ɗalibai, barkanku da zuwa. Na san akwai waɗanda suka yi sammako daga Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume, wasu ma tun daga Malumfashi, alhali a wannan lokaci na shekara babu manomin da ke da ranar zubarwa. Allah ya saka da alheri.

Da aka sanar da abin da zan yi magana a kai, wani dattijo da nake ganin girmansa ya tare ni bayan an sauko daga Juma'a, ya ce, "Malam, me ya haɗa kifi da kaska? Mu da ko teku ba mu taɓa gani ba, za ka tara mu ka yi mana zancen guguwar da ke cin tsibirai a bangon duniya?" Na ce masa, "Baba, ka daure ka zo, domin tun tana jaririya ta kan gonarka take wucewa." Ga shi nan zaune a sahun gaba, don haka dole in sauke alkawari.

Ina ɗan shekara tara ko goma, kakana kan tafi da ni gona in riƙa kai masa buta. Ba na manta wata la'asar a tsakiyar damina. Gari ya yi tsit, zufa na karyo mana, ko ganyen dawa ba ya motsi. Sai ya tsaya da maimai, ya dogara da fartanya, ya dubi gabas. Can ƙasa-ƙasa wani baƙi ya taso kamar an shafa shuni, samansa kuma fari fat. Ya ce, "Tattara mana kaya." Ba mu kai bakin gari ba sai ga iska mai sanyi ta bugo mu da ƙura da ƙamshin ƙasa, awaki na rige-rigen shiga zaure, mata na kwashe shanya, ana ƙwala wa yara kira. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin a kira isha'i ya ɗauke, sai walƙiya da muke hangowa can yamma, wajen Faskari da Gusau. Na ce, "Kaka, ina hadarin ya tafi?" Ya ce, "Ya tafi shayar da wasu." Na ce, "In ya gama da su fa?" Ya yi dariya, ya ce in je in tambayi malaman boko. Na shekara kusan goma sha biyar kafin na sami amsar, kuma da na same ta sai da jikina ya yi sanyi.

Abin da kowa ya sani a nan shi ne hadarinmu daga gabas yake tasowa. Ga dalilin. A damina iska iri biyu ce ke karo a kanmu. Ɗaya ta fito daga Sahara, busasshiya mai zafi. Ɗaya ta taso daga tekun kudu, ta wajen Legas, mai laima da ɗan sanyi, ita ce ke ɗauko mana ruwan. Wannan bambanci na zafi tsakanin arewa da kudu shi ke haifar da wani kogin iska a sama, kimanin kilomita 3 daga ƙasa, yana kwarara daga gabas zuwa yamma da gudun kilomita 40 zuwa 50 a awa. A watan Agusta tsakiyarsa kan kasance kusan saitin Tawa a Jamhuriyar Nijar, arewa da mu. Ba ma ganinsa, amma shi ne makiyayin da ke kora hadari yamma.

Kogin nan ba ya tafiya a miƙe. Yana lanƙwasa kamar maciji a kan yashi, kuma kowace lanƙwasa ita masana ke kira igiyar iskar gabas. Tsawon igiya ɗaya yakan haura kilomita 2,000, kuma duk kwana 3 zuwa 5 sai wata ta wuce. A shekara akan ƙirga kimanin 60. Iyayena manoma, kun san wannan ba tare da an faɗa muku sunansa ba. In damina ta zauna, sai a yi ruwa mai ƙarfi, a sami kwana biyu ko uku na rana a shiga gona a zuba taki, sai kuma gari ya sake ɗaurewa. Wannan numfashi na damina sawun igiyoyin nan ne. Da yawa daga cikinsu suna farowa ne daga tsawar da ke tashi a kan tsaunukan Habasha da Jabal Marra na Darfur, su ratso Chadi, tudun Jos da duwatsun Azbin su ƙara musu ƙarfi, su bi ta kanmu, su wuce Yamai da Bamako.

A nan akwai abin da nake so ɗalibai su riƙe da kyau, don ana yawan cakuɗa shi. Hadarin da ya jiƙa mu ni da kakana ba shi ne ya isa teku ba. Shi hadari jerin gizagizai ne mai tsawon ɗaruruwan kilomita, yana gudu fiye da igiyar, kuma rayuwarsa awoyi ce, in ta yi tsawo yini da kwana. Igiyar ita ce uwa. Tana tafe a hankali, kilomita 600 zuwa 700 a rana, tana haihuwar hadari, ya mutu, gobe da la'asar ta haifi wani. Daga Funtua zuwa Dakar akwai kimanin kilomita 2,700. Ke nan igiyar da ta ba mu ruwa ranar kasuwar Litinin, zuwa Juma'a tana leƙa tekun Atilantika ta gaɓar Senegal ko Gini.

Mafi yawansu a nan labarinsu ke ƙarewa. Cikin 60 ɗin nan, kaɗan ne ke zama wani abu. A matsakaiciyar shekara tekun Atilantika kan haifi guguwa 14 da suka isa a raɗa musu suna, 7 su kai matsayin mahaukaciya, 3 su zama manya masu rusa gari. Amma ku ji wannan: wani masani Ba'amurke, Christopher Landsea, ya bi asalinsu a wani bincike na 1993, ya gano cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na ƙanana da matsakaita, da kusan kashi 85 cikin ɗari na manyan, daga igiyoyin Afirka suka fito. Wato shimfiɗar haihuwar manyan guguwowin da kuke ji a rediyo ita ce wannan sarari da ke kan gonakinmu.

To me ke sa wata ta rayu, wata ta mutu? Abu na farko shi ne abinci, kuma abincinta ruwan teku mai ɗumi. Sai zafin saman teku ya kai digiri 26 da rabi, ɗumin kuma ya nutsa zuwa zurfin kamar mita 50. Don ku gane yadda ruwa ke zama makamashi, ku tuna randar da ke tsakar gidanku. Me ya sa ruwanta ke sanyi ko a bazara? Saboda jikinta na tsattsafo, iska na busar da tsattsafon, kuma duk ɗigon da ya bushe ya tafi da zafi a cikinsa. Zafin nan bai ɓace ba, yana ɓoye a cikin tururi. Ranar da tururin ya hau sama ya koma gajimare, sai ya amayar da zafin da ya ɗauka. Yanzu ku ɗauki teku a matsayin randa mai faɗin dubban kilomita, rana na dukan ta tun watan Mayu. Tururi ya tashi, ya zama gajimare, ya saki zafi, zafin ya sa iska ta ƙara hawa, hawan ya bar gurbi a ƙasa, iskar kewaye ta rugo don cike gurbin, rugowar ta ƙara kwaso tururi. Haka abin ke ciyar da kansa, kamar wutar daji da ke jawo iskar da ke hura ta.

Abu na biyu shi ne juyi. Saboda duniya na juyawa, iskar da ke rugawa zuwa tsakiya ba ta isa a miƙe, sai ta karkace, ta riƙa kewaye. Wani Bafaranshe mai suna Koriyolis ne ya yi lissafin wannan karkacewa a 1835. A arewacin duniya guguwar na juyawa saɓanin hannun agogo, a kudanci kuma tana bin hannun agogo. A daidai layin da ya raba duniya biyu wannan karkacewa babu ita, shi ya sa sai an yi nisan kamar kilomita 500 daga layin kafin guguwa ta iya ɗaure kanta.

Sai maƙiyanta guda biyu. Na farko saɓanin iska tsakanin sama da ƙasa. Kun ga hayaƙi in ana ƙona sassabe da safe, gari shiru, yadda yake miƙewa sak kamar azara? In akwai iska a sama sai ka ga kansa ya karye ya watse. Haka ake fille wa ƙaramar guguwa kai. Na biyu kuwa namu ne: busasshiyar iskar Sahara mai ƙura, 'yar'uwar hazon da muke sha da hunturu, wadda ke ƙetara teku ita ma. In guguwa ta shaƙe ta, sai gizagizanta su bushe. Nahiyarmu ce ke aika jaririyar, ita ce kuma ke aika abin da kan shaƙe ta a zanin goyo.

Wadda ta tsallake duk wannan sai ta fara girma mataki-mataki. In iskar ta kewaye ta rufe amma gudunta bai kai kilomita 63 a awa ba, lamba kawai ake ba ta. Da ta kai 63 sai a yi mata suna, daga jerin da Hukumar Yanayi ta Duniya ke tsarawa, jeri shida da ake juyawa, sunan namiji bi sunan mace tun 1979. Wadda ta yi mummunar ɓarna akan cire sunanta har abada. In ta kai kilomita 119 a awa ta zama abin da gidajen rediyonmu ke kira mahaukaciyar guguwa. Mutanen Amurka da Karibiyan na ce mata harikan, kalmar da aka gada daga Taino, mutanen asali na tsibiran. A gabashin Asiya taifun ce, a tekun Indiya saikulon, irin Idai da ta afka wa Beira ta Mozambik a Maris 2019 ta kashe fiye da mutum 1,000 a ƙasashe uku. Akwai ma'auni mai hawa biyar, kuma hawa na biyar yana farawa daga kilomita 252 a awa.

A wannan mataki ne take buɗe ido. Uwar gida in tana dama kunu da ƙarfi a tukunya, za ka ga rami ya buɗe a tsakiya. Haka ita ma. A tsakiyar wannan tashin hankali akwai fili mai faɗin kilomita 30 zuwa 65, ku ce kamar daga nan zuwa Malumfashi, inda iska ke kwanciya, wani lokaci har a ga rana ko taurari. Kewaye da shi kuma katangar gizagizai ce mai tsayin kilomita 15 ko fiye, kuma a jikin katangar nan ne iska ta fi hauka. Mutane da yawa sun hallaka saboda idon. Sun ji shiru, sun fito duba ɓarna, sai ɗaya ɓangaren katangar ya iso, iska ta dawo ta fuskar da ba ta nan ta fito da farko ba.

Bari in bi rayuwar guda ɗaya da ku, daga haihuwa har mutuwa. Ranar 27 ga Agusta 2017 wata igiya ta bar gaɓar Afirka ta Yamma. Ranar Laraba 30 ga wata, kusa da tsibiran Kabo Berde da ke yamma da Dakar, aka raɗa mata suna Irma. A lokacin mu nan hankalinmu na kan raguna, don Babbar Sallah ta kama Juma'a 1 ga Satumba. Kafin mu sauko daga Idi ta riga ta zama mahaukaciya. Muna soye-soyen naman layya tana tsakiyar teku, babu abin da ke gabanta sai ruwa mai ɗumi, taurarin ɗan'adam na kallon ta, cibiyar sa ido da ke Mayami na fitar da sanarwa duk bayan awa shida. Da ta matso, jiragen sama suka riƙa kutsawa cikinta har tsakiyar idon suna sakin na'urorin awo. Ranar 5 ga Satumba ta hau hawa na biyar, gudunta ya kai kilomita 285 a awa.

Wannan adadi ba ya shiga kai sai an kwatanta. In kana cikin mota a hanyar Zariya direba na gudun 100, ka fitar da tafin hannunka ta taga, ka san yadda iska ke tura shi. Ƙarfin turawar ba ninki ɗaya yake bi ba: in gudu ya ninka biyu, turawa ta ninka huɗu. A gudun 285, abin da zai daki hannunka ya kai ninki takwas na wancan. Kuma ba na daƙiƙa ɗaya ba, na awoyi, ga kwanon rufi da katako da duwatsu na yawo a cikinta kamar harsashi.

Cikin daren 6 ga Satumba idon Irma ya bi ta kan Barbuda. Tsibiri ne shimfiɗaɗɗe, faɗinsa murabba'in kilomita 160, mutanensa kimanin 1,800, da yawansu masunta, ba su kai mutanen unguwa ɗaya a Funtua ba. Babu wani dutse da za a fake a bayansa, babu hanyar mota da za ta kai ka wata jiha. Wannan shi ne bambancin tsibiri da tudu, kuma shi ne abin da ya fi taɓa ni. Mu in ruwa ya ci ƙauye, akwai dangi a gaba, a hau babur a tafi. Su ko ta ina suka juya teku ne, kuma tekun ne ke tasowa. Gari ya waye kusan kashi 95 cikin ɗari na gine-ginen tsibirin sun lalace, yaro ɗan shekara biyu ya rasu. Ga wata guguwar mai suna Jose na biye. Sai gwamnati ta kwashe mutanen kaf zuwa Antigwa. Garin da aka shekara ɗaruruwa ana kwana ana tashi, ya koma ba kowa sai karnuka da jakuna da dabbobin da aka bari.

Irma ta wuce ta daki wasu tsibiran, ta goga gaɓar arewacin Kyuba, ta shiga Filorida ranar 10 ga wata. A wasu wurare na Bahamas da mashigin Tamfa iskarta ta janye teku daga gaɓa, mutane suka ga ƙasan teku a bushe. Inda iskar ke turowa kuwa, sai teku ya hau tudu. Wannan tasowar teku, tare da ambaliyar ruwan sama, su suka fi iska kisa. A Nuwamba 1970 irin wannan tasowa ta hallaka aƙalla mutum 300,000 a ƙasar da yanzu ake kira Bangaladash.

Mutuwar Irma ba ta da wuyar bayani. Da ta hau tudu an raba ta da randarta. Cikin kwana biyu ta koma ruwan sama da iska a kudancin Amurka, zuwa 13 ga Satumba babu ita. Sati biyu ke nan daga suna zuwa kabari. Wasu kuma ba sa kai wa tudu, sai su karkata arewa su shiga ruwa mai sanyi, kamar Lorenzo ta 2019 da ragowarta ta kai har Ayalan. Wata ma in ta daɗe a wuri ɗaya sai ta tono ruwan sanyi daga ƙasan teku, ta kashe kanta da yunwa.

Tun da manoma nake wa magana, bari in faɗi abin da jaridu ba su cika tsayawa a kai ba. Mutanen tsibiran nan da yawansu manoma ne. Ranar 7 ga Satumba 2004 Ivan ta afka wa Girenada, ta lalata kusan gida tara cikin kowane goma. Arzikin ƙasar gyaɗar ƙamshi ce, wadda matanmu ke saye a wurin mai kayan yaji, har hotonta na jikin tutarsu, kuma a lokacin Indunusiya kaɗai ta fi su noma ta. Ba shuka ba ce ta damina ɗaya, bishiya ce da kan shekara bakwai kafin ta fara 'ya'ya, ta kai ashirin kafin ta cika. Cikin awoyi kaɗan yawancin bishiyoyin suka kwanta. Mu in iska ta kwantar da masara tana goyo, asarar shekara ce, mu yi haƙuri mu jira baɗi. Ku ɗauka a dare ɗaya an tumɓuke duk ɗorawa da kaɗanya da mangwaron da kakanninku suka bar muku. Dattijon da ya sake dasawa a Girenada ya san ba lallai ya ci amfaninta ba.

Kwana goma sha biyu bayan Barbuda, ranar 18 ga Satumba 2017, Maria, ita ma 'yar igiyar Afirka, ta hau Dominika, ƙasar ayaba da gwaza mai mutum kimanin 70,000. Rufin gidan firaministansu, Roosevelt Skerrit, sai da ya tashi, shi da kansa ya sanar a Facebook cikin daren. Da aka yi lissafi, asarar ta ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu. Ta wuce Porto Riko, inda wani wuri ya sami ruwa kusan milimita 960 cikin 'yan kwanaki. Funtua kan sami wajen milimita 1,000 ne a damina sukutum. Daga baya gwamnatin tsibirin ta amince cewa mutum 2,975 ne suka rasu ta dalilinta, da yawansu a watannin baya, saboda rashin wuta da magani da ruwan sha.

Su wane ne waɗannan mutane? Da yawansu baƙaƙe ne kamar mu. Iskar da ke kora guguwar yamma ita ce ta kora jiragen bayi, ta wannan hanya ɗaya. A ɗan tsibirin Kariyaku na Girenada, wanda Beryl ta rusa ranar 1 ga Yuli 2024, har yau akwai kiɗan gargajiya da ake kiran kakanni da sunan ƙabilunsu, Ibo da Mandinka da Temne da Kongo. Duk lokacin da na ji an ce guguwa ta tunkare su, ba na jin labarin baƙi nake ji.

Akwai wata alaƙar da ke da nauyi a zuciya. A 1990 Farfesa William Gray na Jami'ar Jihar Kolorado ya kwatanta shekarun 1947 zuwa 1969, lokacin da yammacin Sahel ke samun ruwa sosai, da 1970 zuwa 1987, lokacin fari. Ya tarar manyan guguwowi sun fi yawa nesa ba kusa ba a shekarun ruwa. Dattawan da ke nan sun tuna farin 1973 da na 1984, shanu na faɗuwa, mutane na gangarowa daga arewa neman abinci. A waɗancan shekaru tsibiran sun ɗan sami sauƙi. Shekarar da rumbunmu ke cika, sau da yawa ita ce shekarar da suke kwana da fargaba. Ba laifin kowa ba ne, haka Allah ya ɗaure al'amarin da igiya ɗaya, amma sanin hakan ya canza yadda nake addu'a in na ga hadari ya wuce.

Ƙannena sukan turo mini saƙon WhatsApp cewa mahaukaciyar guguwa na tafe Nijeriya. Ku kwantar da hankalinku. Ba ta rayuwa a tudu, tekunmu na kudu ya yi kusa da layin tsakiyar duniya kuma yakan yi sanyi a tsakiyar damina, sannan igiyoyin ba mu suke nufa ba, barin mu suke yi. Ko Kabo Berde da ke bakin hanyarsu, da Fred ta dake ta a ƙarshen Agusta 2015, rabon da a ga haka tun 1892. Guguwar da ke murɗa kara da leda a fili da rani kuwa wani abu ne daban, zafin ƙasa ne, minti kaɗan ta mutu.

Abin tsoronmu shi ne hadarin kansa, kuma yana canzawa. Duk ƙarin digiri ɗaya na zafi, iska na iya ɗaukar ƙarin tururi kashi 7 cikin ɗari. A 2017 Christopher Taylor na Ingila da abokan aikinsa suka duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka ga cewa hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka sau uku tun 1982, suka danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Ba sai mun je nesa ba. A tsakiyar Yuli 2018 ruwan dare ɗaya ya ci mutum fiye da 40 a Jibiya. A nan yankinmu kuma, tun da shirin bunƙasa noma na Funtua ya fara a 1975 masara ta mamaye gonakin da a da dawa da auduga ke ciki, kuma kun fi ni sanin yadda masarar da ta sha taki ta yi tsayi ke kwanciya in iskar gaban hadari ta buge ta. Ruwan da ya kamata ya sauka a sati uku in ya sauka a awa uku, kunya ta fashe, taki ya bi rafi, ƙasa ta bi bayansa.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duniya ta san muhimmancin wannan sarari namu. A 1974 ƙasashe suka tara jiragen ruwa kusan 40 suka yi sansani a Dakar don nazarin igiyoyin nan. A 2006 aka sake wani babban bincike, aka kafa na'urori a Yamai, inda cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET take. Amma baƙi in sun gama sai su naɗe kayansu. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa tashoshin awon yanayi a Afirka kashi ɗaya ne cikin takwas na abin da ya kamata. Guguwar da ake bi da jirgin sama awa-awa in ta kusa Amurka, a lokacin da take kanmu da ƙyar ake samun mai rubuta ruwan da ta zubar. Na taɓa zuwa wani ofishin gona neman lissafin ruwan shekaru goma. Aka nuna mini ma'aunin a bayan gini, ya yi tsatsa, zanzaro ya yi ɗaki a bakinsa, littafin kuma an daina cika shi tun da mai kula da shi ya yi ritaya. Na fito raina a ɓace. Hasashen damina da hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara ba zai fi awon da aka ba shi kyau ba, kuma kuskuren da aka yi a kanmu yana bin igiyar har teku.

Samaru ta Zariya na da lissafin ruwa tun ƙarshen shekarun 1920, don an sami masu fita kowace safiya su duba su rubuta. Roƙona ga shugabannin makarantun da ke nan shi ne kowace sakandare daga Sabuwa zuwa Musawa ta kafa ma'auni ɗaya. A dasa shi a fili, nesa da bishiya da indararo, a ɗaga shi kaɗan daga ƙasa yadda fantsama ba za ta shiga ba, a duba shi a lokaci guda kowace safiya har ranar hutu, a rubuta ko da sifiri ne, a ƙara da lokacin da hadarin ya iso da ɓarnar da ya yi. Ɗalibi biyu da littafi mai bango mai ƙarfi sun isa. Ni na ɗauki nauyin zuwa in nuna yadda ake karantawa, in kuma haɗa ku da masu tattara alƙaluman.

Sai batun rufi. Shekarun baya iskar farkon damina ta yaye rufin wata firamare da na sani, ta ajiye shi a gonar maƙwabta ɗungurungum, kwano da katako a haɗe, don ba abin da ya riƙe shi da bango sai nauyinsa. Yara suka yi zango guda a gindin bishiya. Magina a Karibiyan sun koyi darasi da tsada: rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska, ba a barin bakin kwano ya zarce bango da yawa don ta nan iska ke sa hannu, ana ɗaure katakon rufi da ƙarfe har cikin ginin, ana kuma ƙara ƙusa a gefuna da kusurwoyi, inda ɓamɓarewa ke farawa. Na hango kafintoci da magina a can baya. Ranka ya daɗe shugaban taro, in ka yarda su nake so a fara ba dama, su gaya mana nawa wannan ɗauri zai ƙara a kuɗin rufin ɗaki biyu, sannan Baba ya faɗa wa ɗalibai alamomin da yake dubawa a gabas kafin ya ce a tattara kaya.